Sukwayar layi ko tebur mai ramuka: wanne ya fi wa mai yankan kabad?

Malam, ka ce kana da zarton nan mai gudu a kan layin alminiyum, kana yanka MDF (katakon da aka matse daga garin itace) da melamin (katako mai rufin roba mai sheƙi) na kabad ɗin kicin a Jidda, wani aikin a warsha (shagon aiki), wani a gidajen mutane. Kana tambaya ko ka sayi sukwayar da ake maƙala wa layin, ko ka haɗa tebur mai ramuka. Ga mai irin aikinka, sukwayar ce ya kamata ta fara shigowa, amma sai ka san inda take yaudarar mutum.

Ita sukwayar ana zura ta ne cikin kwarmin da ke ƙasan layin, a danne hannunta ta kama. In ka jingina bakinta da gefen katako, layin ya zauna a digiri 90 ke nan, alama ɗaya ta fensir ta ishe ka maimakon biyu. Akwai ta Festool, FS-WA/90°, akwai GRS-16 ta kamfanin TSO, ga kuma masu araha marasa suna. Kafin ka biya, duba irin layinka. Na Festool da na Makita ƙirarsu ta yi kusa, amma na DeWalt da na Bosch kowanne da nasa kwarmin. Ka tafi da layin shagon a gwada a gabanka.

Rauninta guda ne, babba kuwa: gefen da ka jingina ta da shi take bi, ko miƙaƙƙe ne ko karkatacce. Gefen da falle ya zo da shi daga masana'anta ba abin dogaro ba ne, balle wanda ya daɗe a jingine a sito yana shan raɓar Jidda, ya kumbura ko ya sha duka wajen lodi. Don haka ka fara share dogon gefen, ka cire milimita 5 zuwa 10, sannan duk yankan tsaye ya tashi daga wannan sabon gefen. Ka kuma goge garin katako kafin kowane yanka. A ce bakin sukwayar santimita 30 ne, ɗan ɓurɓushi mai kaurin rabin milimita ya maƙale a ƙarshensa ɗaya. Kafin zarto ya ƙetare fallen mai faɗin milimita 1220, kuskuren ya zama milimita 2. A jikin kabad wannan ya isa ya sa ƙofa ta ƙi daidaita da 'yar'uwarta, ka yi ta murɗa hinji a banza.

Melamin yana da santsi, nauyin sukwayar kuma yana rataye ne a wajen katakon, shi ya sa ƙarshen layin na nesa yake iya gocewa lokacin da kake tura zarto. Ka sa kilam, wato ƙarfen matsewa, a can, ko da kana sauri. Batun tsawo ma yana nan: layi mai milimita 1400 a kan faɗin 1220 saura 180 kawai, su ne na shiga da na fita, zarton ba ya samun wurin zama sosai kafin ya nitse. Mai 1500 ya ɗan fi sauƙi, mai 1900 ya fi kwanciyar hankali.

Shi kuwa teburin, ramuka ne masu faɗin milimita 20, tsakanin tsakiyar rami da na kusa da shi milimita 96. Ana cusa turaku, katako ya jingina da jere ɗaya, layin ya jingina da jeren da ya gitta shi. Inda ya kere sukwayar shi ne maimaici da ƙananan yanka. In kana son shelf goma sha biyu masu tsawo ɗaya, ka kafa abin tarewa sau ɗaya, ka yi ta turawa ba awo. Siririn katako irin na gefen durowa, wanda sukwayar ba ta da wurin kamawa a jikinsa, a tebur yake zama lafiya. Sai dai falle cikakke mai 1220 da 2440 ba ya hawa ƙaramin tebur irin MFT/3 na Festool, wanda faɗin yankansa kimanin santimita 70 ne, dole ka fara farfasa shi a wani wuri. Ɗaukarsa zuwa bene na uku ma aiki ne. Kuma ingancinsa duk yana ga ramukan: wanda aka huda da hannu bisa awon tef da wuya ya fito daidai. Ka kai a huda maka da injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ka shafe saman da cikin ramukan da ɗan fanish saboda danshi.

Duk wanda ka ɗauka, gwada shi kafin ka taɓa kayan mai gida. Samo guntun MDF kamar santimita 60 kowane gefe. Yanka gefe ɗaya, juya katakon yadda sabon yankan zai koma jikin sukwayar ko turakun, sake yanka, haka har sau huɗu. A na biyar ka fitar da siririn yanki kamar santimita 1, ka auna faɗinsa a kai da gindi da kalifa (caliper), ma'aunin kauri mai baki biyu. Bambancin ka raba shi huɗu, shi ne ainihin kuskuren a tsawon santimita 60. In bambancin milimita 0.8 ne, kuskuren 0.2 ke nan, ya wadatar ga kabad. In ya kai milimita 3, kwance sukwayar, share kwarmin layin, ɗaura ka sake gwadawa. Ya sake fitowa haka, mayar da ita.

Tunda kana fita aiki, kada ka bar layin a bayan mota cikin ranar bazara. Zafi yana sassauta gam ɗin robar da ke bakin layin, ita ce kuma kake ɗorawa a kan alamar fensir. Da zarar ta goce, kusurwa za ta fito daidai amma tsawon ya saɓa. Sabuwar roba ake liƙawa, a bi ta da zarto sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe don ta ɗauki layin haƙoran.