Fad ɗin birki na siramik: yana kashe ƙara, amma ba kowace ƙara ba

Masu tambaya ko fad ɗin siramik (fad shi ne abin da ke matse faifan birki don mota ta tsaya) yana maganin ƙarar birki, ga abin da na gani bayan na sa shi a ƙafafun gaba na motata na yi ta yawo da shi har ya zauna sosai. Eh yana yi, amma sai in fad ɗin ne matsalar tun farko, don mutane da yawa da sun ji "kiiii" sai su ruga sayen fad alhali ciwon yana wani waje.

Ni ƙarar da ke damuna irin siririyar nan ce mai shiga kunne, tana fitowa daidai lokacin da mota ta kusa tsayawa, musamman a go-silo, kowa ya juyo yana kallonka. Da bakanike ya cire taya muka leƙa, tsohon fad ɗin bai ma ƙare ba, yana da sauran nama, amma fuskarsa ta yi sumul tana ƙyalli kamar gilashi, zafi ya ƙona ta. Wannan kam sabon fad ne maganinsa. Sabo yakan zo da kauri wajen milimita 10 zuwa 12, in ya sauko 3 to lokacin canji ya yi, kuma da yawa suna da wani ɗan ƙarfe a gefe da aka sa da gangan ya riƙa gogar dis, wato faifan birki, yana ihu don ya sanar da kai. Wannan ihun ba lalacewa ba ce, kira ne ka zo ka canza.

Abin da ya burge ni da setin da na saya shi ne ya zo da komai a kwali ɗaya, fad huɗu, siraran ƙarafan nan da ake mannawa a bayan fad don su shanye girgiza, sababbin kilif masu riƙe fad a mazauninsa, da ɗan sacet na giris. Kar ka yarda a jefar da kilif ɗin a ce tsofaffin suna da kyau, ƙarar birki yawanci girgiza ce tsakanin fad da kalifa (ƙarfen da ke danna fad a jikin dis) da dis, in kilif ya saki fad zai riƙa rawa a mazauninsa komai tsadarsa. Shi kuma giris a bayan fad ake shafawa da kunnuwansa da fin ɗin kalifa, wato 'yan sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, kada ko ɗigo ya taɓa fuskar fad ko dis. Kuma na silikon ake so a fin, giris na gama-gari yana kumbura robar da ke rufe shi sai ya maƙale, daga nan fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa. Nawa fin ɗin na ƙasa a hagu ya bushe ƙamas, sai da aka zaro shi da ƙyar aka wanke, kuma ina kyautata zaton rabin shirun da na samu daga nan ne ba daga siramik ɗin ba.

Bayan an ɗaura sai a yi ta taka birki mota na tsaye har ya yi tauri kafin a motsa, wannan ba abin wasa ba ne. Sannan a samu hanyar da ba cunkoso a kai gudun kamar 60 a taka a sauko kamar 10 ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau da dama, sai a ɗan yi tafiya ya huce. Haka fad yake zama a kan dis.

Yanzu shiru kake ji, kuma baƙar ƙurar nan da ke ɓata rim ta ragu sosai, wadda yake fitarwa fara-fara ce ba ta kama jiki. Inda ban ji daɗinsa ba shi ne cizo. Da sanyin safiya takun farko bai kama kamar fad na ƙarfe-ƙarfen, wato mai haɗin ƙarfe a cikinsa, da na saba da shi ba, sai na ɗan ƙara danna ƙafa. Mai ƙaramar mota da ke zirga-zirgar gari ba zai damu ba, amma mai ɗaukar kaya masu nauyi ko mai yawan gangara daga tudu gara ya tsaya a kan na ƙarfe-ƙarfen, ya fi jure zafi ko da ya fi surutu.

Akwai ƙararrakin da ba ruwan siramik da su. In ka ji gurnani "gurrr" ƙarfe na cin ƙarfe, fad ya ƙare har ya fara yankar dis, a duba dis ɗin, akwai mafi ƙarancin kauri da aka rubuta a jikinsa, in ya sirance ya wuce nan canji ne kawai. In sitiyari na rawa idan ka taka, dis ne bai daidaita ba. Wadda kake ji da safe bayan ruwa ya sauka tsatsa ce ta kwana a dis, taku kaɗan za ta tafi. Wani lokacin ma ɗan dutse ne ya maƙale tsakanin dis da kwanon bayansa yana ta ƙara ko ba ka taka birki ba.

Ni dai zan sake saye in wannan ya ƙare. A canza hagu da dama tare, kar a yi gefe ɗaya.