Maganin barci a tiyatar cire ƙari a ƙwaƙwalwa: na jijiyar jini ko na shaƙa?

Duk wanda aka rubuta wa ɗan'uwansa tiyatar cire ƙari a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, hankalinsa kan tafi ga likitan da zai riƙe wuƙa. Likitan sa barci kuwa sai a manta da shi, alhali in za a sa na'urar lura da jijiyoyi, rabin aikin yana hannunsa. Na'urar tana aika ɗan lantarki ta fatar kai, tana jiran amsa daga tsokar hannu ko ƙafa. Amsar ta ragu, likita ya san ya kusanci wurin da bai kamata ya taɓa ba. Matsalar ita ce wasu magungunan barcin su ma suna rage amsar.

Na shaƙa, irin su isoflurane da sevoflurane, su aka fi sabawa da su, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Amma gwargwadon yawansu gwargwadon yadda suke dushe saƙon motsi. Shi ya sa in dole sai da su, ba a so su wuce rabin ma'aunin ƙarfin maganin shaƙa da ake kira MAC, wato 0.5. Saƙon ji na kunne dai bai cika damuwa da su ba.

In ƙarin yana kusa da hanyar motsin hannu da ƙafa, ni propofol zan zaɓa, ta jijiyar jini, a haɗa shi da mai kashe zafi kamar remifentanil. Shi ya fi barin saƙon ya fito sarai. Sai dai yana da nasa sharaɗi: famfon da ke tura maganin daidai awa bayan awa, da batirin da zai riƙe shi in wuta ta ɗauke, da allurar da ake ganinta koyaushe, don in ta goce mara lafiya zai iya farkawa ba a sani ba. Kuɗinsa ma ya fi, kuma remifentanil ba ko'ina ake samunsa ba. A tambaya tun kafin ranar.

Akwai kuma maganin sassauta tsoka, kamar rocuronium. Ana ba da shi lokacin sa bututun numfashi, daga nan a bari ya fita. In aka ci gaba da shi, tsoka ba za ta amsa ba, ko da jijiyar fuska ake gadi, kamar a ƙarin da ke fitowa kan jijiyar ji.

Zaɓi na uku shi ya fi tsorata dangi: a yi aikin mutum yana farke. Ana kashe fatar kai da allura, a kwantar masa da hankali da dexmedetomidine, ƙwaƙwalwa kuwa ita kanta ba ta jin zafi. Ana yin haka in ƙarin yana kusa da wurin magana, galibi a ɓangaren hagu, don babu na'urar da ke gwada magana sai mai ita ya yi. Za a ce ya ƙirga, ya faɗi sunan abin da ke hoto. Bai dace da ƙaramin yaro ko mai yawan firgita ba. Kuma in Baba Fulatanci ya fi ji, a tabbatar wanda zai tsaya kusa da kansa yana masa tambayoyin ya iya Fulatanci.