Tsibirin Ulthuan ya cinye min barcin mako biyu

Ni ba don labari na sayi wasan kwamfuta na Total War: Warhammer II ba. Yaƙi nake so, in tara runduna in murƙushe wani kafin in kwanta. Wasan ya kwana biyu, tun 2017 ya fito, shi ya sa na same shi da sauƙi. Yaron da ya saka min shi a wani shago nan kasuwar Garwa ya rantse kwamfutata za ta ɗauka. Za mu dawo kansa.

Na ɗauki Tyrion, wanda ake farawa da shi a birnin Lothern, cikin mutanen nan masu dogayen kunnuwa da ake kira Elf. Tsibirinsu Ulthuan kamar zobe yake, teku a waje, teku a ciki. Can tsakiyar tekun ciki akwai Tsibirin Matattu, inda guguwar sihiri take juyawa. Caledor da bokayensa ne suka tayar da ita don ta zuƙe ƙarfin shaiɗanu, kuma wai har yau suna can tsaye, lokaci ya daskare a kansu, ba su mutu ba, ba su gama karatun ba. Daga nan na fara tsayawa ina karanta rubutun da na saba tsallakewa.

Abin da ya kama ni sosai shi ne rikicin sarauta. Sarkinsu na farko, Aenarion, ya shiga wutar Asuryan, babban abin bautarsu, ya fito lafiya. Da ya mutu sai masu zaɓen sarki suka tsallake ɗansa Malekith, suka naɗa Bel Shanaar. Malekith ya haɗiye abin shekara da shekaru, uwarsa Morathi tana zuga shi, ƙarshe ya ba sarkin guba, ya shiga wutar da kansa, ta babbake shi. Yaƙin basasa ya ɓarke har wani yanki na ƙasarsa Nagarythe ya nutse a teku. Wallahi duk wanda ya taɓa jin yadda ake takarar rawani a gidan lamiɗo ba ya bukatar a yi masa bayani. Har uwar ma na gane ta.

To, a arewacin tsibirin akwai takobin Khaine, abin bautarsu na yaƙi, takobi mai ɗauke da la'ana. Wasan ya gargaɗe ni, na yi kunnen uwar shegu na zare. Tyrion ya zama dodo, shi kaɗai yana share runduna. Sai maƙwabta suka fara juya min baya, garuruwana suka fara bore. Nan na yarda labarin ba ado ba ne, la'anar da na karanta ita ce take cin asusuna. Na ce wannan wasa ya biya kuɗinsa.

Ana tsakiyar babban yaƙi, Afrilu, zafin Garwa ya haura digiri 40, kwamfuta ta yi ƙara kamar injin markaɗe, ta mutu. Na kunna, ta sake mutuwa a daidai wurin. Sau huɗu. Na koma wajen yaron, ya kalle ni ya ce, "Yaya, ai ba ka ce min da rana za ka buga ba." Sannan ya ciro fanka ta ɗorawa ƙarƙashi ya ce jaka goma. Na saya, don wauta. Ba ta hana komai ba.

Saboda haka in ka ji na yaba, ka tambayi ƙarfin na'urarka tukuna, kada ka tambayi mai shago. Ni yanzu bayan sallar asuba nake bugawa, kafin gari ya ɗau zafi, yaƙe-yaƙen ma kwamfuta nake bari ta yanke hukunci ba tare da na shiga fili ba. Takobin yana hannun Tyrion har yanzu, garuruwa uku sun tafi.