Na canja wa Prado ɗina man giya bayan shekara biyar ina jin tsoro

Motar Prado ce ta 2007, injin fetur V6, giyar otomatik mai hawa biyar, 'yar Kwatano na saye ta. Shekara biyar tana hannuna ban taɓa man giyarta ba, saboda wani bakanike ya taɓa rantse min cewa irin wannan man ba a canja shi, in ka canja ma giyar ce za ta tafi. Alhali duk damina cikin taɓo nake kutsawa da ita zuwa gona, da rani kuma yashi, ga buhunan taki a baya. Bana sai ta fara fizga in tana sauka daga ta biyu zuwa ta ɗaya a cunkoso, da safe kuma in na sa ribas sai ta yi jim kafin ta kama.

Wani aboki ya tura ni wani gareji a nan Kano. Kafin mai garejin ya ɗauki sifana, shekarar motar ya fara tambaya, sannan ya leƙa ƙasa. Ya ce, "Alhaji, taka man giyar Toyota mai suna WS take sha, ba mai suna T-IV ba. Kada ka yarda wani ya ɗura maka wani man giyar daban irin Dexron don ya ga duk ja ne." Nan hankalina ya fara kwanciya.

Da ya kwance notin ƙasa, abin da ya zubo bai wuce lita uku ba, launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta, sai dai ba ya warin ƙuna. Na ce, "Malam, shi ke nan man?" Ya yi dariya. Ashe giyar na cin sama da lita goma, sauran yana maƙale a cikin kwanbata (abin da ke haɗa inji da giya) da bututan sanyaya mai. Ya sauke farantin ƙasa ya nuna min maganaɗisun da ke ciki, sun yi baƙi da wani gari mai laushi kamar kwalli, babu ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya. Ya wanke, ya sa sabuwar filta da gaskit. Sau uku aka zubar aka sake cikawa, ana ɗan zagayawa da motar a tsakani, har man ya koma ja. Galan uku masu lita huɗu-huɗu na saya, kuma gaskiya aljihu ya ji a jikinsa.

Wurin auna man ne na tabbatar ya san aikinsa. Wannan giyar ba ta da sandar gwaji kamar ta injin. Ya daidaita motar a kan rami, injin na aiki, ya jona kwamfuta yana kallon zafin man, sai da ya kai inda littafin Toyota ya ce sannan ya buɗe ƙaramin notin ambaliya, ya jira har man ya koma ɗiga ya ɗaure. Man giya yana kumbura in ya yi zafi, wanda ya auna da ido kawai ko ya cika da yawa ko ya bar ta da ƙishirwa.

Inda suka ɓata min rai: awa biyu aka ce, na shiga ƙarfe tara ban fito ba sai bayan La'asar, kuma yaron shagon ya bar min tabon mai a sitiyari. Sannan babu wanda ya tuna min da man bakaksil (giyar da ke tsakanin ƙafafu tana juya su) na gaba da na baya da na akwatin da ke raba wa ƙafafu huɗu ƙarfi, sai da na tambaya. Wannan daban ne, mai kauri.

Sati uku ke nan. Ribas tana kamawa nan take ko da asuba. Fizgar ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba, in motar ta yi zafi a cunkoson Kasuwar Kwari nakan ɗan ji ta. Ranar Asabar zan mayar masa ya yi min na bakaksil ɗin.