Sana'o'in hannu a Colonial Williamsburg: shagunan da suka cancanci a daɗe a cikinsu

Garin Williamsburg ne hedikwatar Virginia, wadda yanzu jiha ce a Amurka, daga 1699 zuwa 1780, yawancin lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. A 1926 aka fara farfaɗo da tsohon garin da kuɗin John D. Rockefeller Jr., yanzu kuma gidan tarihi ne mai faɗin eka 301 a Amurka. Yawo a kan titin Duke of Gloucester kyauta ne, amma shiga shagunan masu sana'a sai da tikiti. Tikitin ya ci kuɗinsa, domin mutanen da ke ciki masu sana'a ne na haƙiƙa, sai sun shafe shekaru suna koyo a hannun maigidan shago kafin a yaye su, kuma da abin da suka ƙera ake gyaran gine-ginen garin.

A fara da maƙerar James Anderson, wanda aka naɗa mai kula da makaman Virginia a 1776. A tsaya kusa a ga yadda ake ƙusa: a gasa sandan ƙarfe ya yi jawur, a fiƙe bakinsa a kan uwar maƙera, a yi masa tsaga daidai tsawon da ake so, a zura cikin ramin ƙarfen yin kai, a karya, sannan a buga kan da masaba sau uku ko huɗu. Gwani yakan gama kafin jan ya dushe. Haɗa ƙarfe biyu da wuta ya fi wuya. In zafi bai kai ba, haɗin zai buɗe daga baya. In mai zugazugi ya zarce har ƙarfe ya fara tartsatsi, ya ƙone ke nan. Shi ya sa ake barbaɗa yashi ko garin boras, ya narkar da dattin saman ƙarfen.

Shagon masu ƙafar keken doki ya fi kowanne koyarwa. Cibiyar ƙafa da itacen elm ake yinta don ba ya saurin tsagewa, sandunan da oak, gefen kuma da ash mai jure girgiza. Zoben ƙarfen da ke zagaye ƙafar da gangan ake yinsa ya ɗan gaza kewayenta. A gasa shi ya buɗe, a ɗora da awartaki, a kwarara ruwa nan take. Yana hucewa yana tsukewa, har a ji itace yana ƙara yayin da mahaɗai ke shigewa juna. A yi jinkirin ruwa, itace ya babbake zoben ya yi sako-sako; a rage zoben fiye da kima, sanduna su lanƙwashe. Ba kullum ake wannan aikin ba, don haka a tambayi ranarsa.

Wurin yin bulo aikin yanayi ne. Da zafi ake cuɗa laka da ƙafa, har baƙi ma sukan tuɓe takalma su shiga. Ana shafe ma'aunin katako da yashi don kada laka ta manne, a shanya bulon na makonni, sai da kaka a jera dubbai a cinna wuta ta kwanaki ba dare ba rana. Wutar farko a hankali ake yinta, domin ruwan da ya rage a ciki in ya tafasa fasa bulon yake yi. Na kusa da wuta kan fito da baƙin ƙyalli, na gefe kuma bai gasu sosai ba.

Maɗaba'a, inda ake tuna William Parks da ya kafa jaridar Virginia Gazette a 1736, da shagon azurfa, rabin awa ya ishe su. Ɗakunan ƙanana ne, in ɗalibai suka cika su ba a ganin hannun mai aiki.

Wani abin da bai kamata a wuce ba: kusan rabin mutanen garin a wancan zamani baƙar fata ne, akasarinsu bayi, kuma da guminsu aka yi bulo da ƙira da yawa. Masu sana'ar suna amsa tambaya kan wannan batu dalla-dalla, a yi musu ita.

Shagunan ba sa buɗewa duka a rana ɗaya. A duba jadawalin mako kafin sayen tikiti, a ware kwana biyu, a je maƙera da sassafe kafin cunkoso da zafin rana.