Panoply, manhajar NASA mai mayar da lambobin ruwan sama taswira mai launi

Ɗaliban jogarafi da masu harkar yanayi, in an turo maka fayil na netCDF, wato nau'in fayil ɗin da ake adana bayanan kimiyya irin na yanayi a ciki, ka danna ka danna ya ƙi buɗuwa, to Panoply za ka nema. Kyauta ce, cibiyar GISS ta NASA da ke New York ce ta yi ta, tana hawa Windows da Mac da Linux, amma fa sai ka saka manhajar Java tukuna in ba haka ba ko tashi ba za ta yi ba. Tana buɗe GRIB da HDF ma, su ma nau'ikan fayil ne irin wannan.

Irin waɗannan fayil ɗin an yanka duniya ne gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da lambarsa. Ɗauki CHIRPS, bayanan ruwan sama na Jami'ar California da ke Santa Barbara, sun faro daga 1981 kuma kowane gida digiri 0.05 ne, wajen kilomita 5 da ɗoriya kenan. Ka buɗe, ka zaɓi ruwan, ka danna Create Plot, shi ke nan taswira ta fito da launukanta ba ka rubuta ko layi ɗaya na kod ba. Wallahi nan ne ta burge ni. Ka sa tsakiyar taswirar wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas inda Kano take, ka zaɓi Agusta, da idonka za ka ga yadda ruwa ke raguwa daga Kaduna zuwa Katsina zuwa Maraɗi har ya kusa ƙarewa wajen Agadas.

Salon shimfiɗa duniya a kan taswira kuwa ta cika su, sun haura 100, da Mercator da Robinson da Mollweide da sauransu. Ni dai Mollweide nake ɗauka in duniya gaba ɗaya ce, don Mercator kumbura Greenland take har ta yi kamar ta kai Afirka alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14.

Inda nake so a kula sosai shi ne launin nan yana iya yaudara. Akwai wani ɗan akwati Interpolate, in yana kunne sai ta goge gidajen su narke cikin juna, hoton ya yi kyau sumul amma sai ka ɗauka bayanan sun fi haka zurfi, musamman ERA5, wani kundin bayanan yanayi na Turai, da gidansa ya kai digiri 0.25, kusan kilomita 28, gari da ƙauyukansa duk lamba ɗaya. Ka kashe shi ka ga gaskiyar abin. Sannan ma'aunin launi, in za ka kwatanta Yuni da Agusta ko bana da bara dole ka rubuta adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma da hannunka iri ɗaya a duka biyun, in ba haka ba ja a wannan ba shi ne ja a wancan ba, kuma supabaiza mai ido zai kama ka.

Rauninta, ta kallo ce ba ta lissafi mai zurfi ba. Tana iya ɗebe ruwan wani wata daga na wani ta nuna bambanci, amma yanke jiha ɗaya ka fitar da matsakaicin ruwanta aikin manhajar taswira QGIS ne ko yaren kod na Python. Fuskarta ma tsohon yayi ce kuma babu Hausa. Fayil na duniya duka kuma yana cin data, ka nemi na Afirka kawai in akwai. Hoton tana fitar da shi PNG ko PDF, har KMZ na Google Earth.