Hattara da mai sayar da "takobin zamanin Mahadi" a Facebook

Jama'a, naira dubu 850 wani marar tsoron Allah ya cinye min a kan takobin bogi. Dubu 850! Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Kada wani ya zo yana ce min gaggawa na yi. Na daɗe ina tara tsofaffin takubba, na san abin da ake dubawa. Mai sayarwar ya ce kakansa ne ya taho da takobin daga Sudan a hanyar dawowa daga Hajji ta ƙasa, kuma an yi yaƙin Omdurman, tsakanin mabiya Mahadi da Turawan Ingila, da shi a 1898. A jikin ruwan takobin ga rubutun Larabci, ga shekara 1316, kuma na lissafa da kaina, Hijira 1316 ta faɗo daidai kan 1898. Ga kuma tambarin jinjirin wata guda biyu, irin wanda ake gani a ƙarafan da Turawa suka riƙa shigowa da su daga Solingen ta Jamus. Wa zai ga wannan ya yi shakka?

Abin da ya fi ci min rai shi ne kiran bidiyon nan. Ya ɗaga takobin ya ce: "Alhaji, wallahi ba don jinyar mahaifiyata ba, ko miliyan 5 ba zan sayar ba." Da sunan Allah ya rantse! Muryar tana nan a kunnena. Na tura dubu 500 a daren, ragowar 350 bayan direba ya kawo. A'a, kafin ya kawo ma, don cewa ya yi direban ba zai tashi ba sai kuɗi sun cika.

Wani dattijon maƙeri na kai wa. Ya juya shi ya ce: "Ɗana, dubi cikin haruffan nan." Fes suke, suna ƙyalli, alhali kewayensu duk tsatsa. Tsohon rubutu tare yake tsufa da ƙarfensa, tsatsa tana shiga har cikin ramin harafi. Wannan kuwa a kan tsatsar aka zana shi. Ita ma tsatsar haɗa ta aka yi da ruwan batir da gishiri. Ya ɗan lanƙwasa ruwan, ya zauna a lanƙwashe bai dawo ba. Da muka zare ƙota, walda muka tarar! Su jinjirin watan ma ya ce maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayonsu, su kaɗai ba hujja ba ne.

Tun kafin in je wurin maƙerin ma mai sayarwar ya toshe lambata, a lokacin na ɗauka matsalar sabis ce. Dubu 850.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na gama da 'yan sanda. Yana nan yana tallan wani da sabon suna, wai na yaƙin Burmi na 1903.

Kada ku tura ko sisi sai maƙeri ya riƙe takobin a hannunsa. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.